Yadda Ake Karanta Sunan Kiɗan Kilasik na Turawa, Daga Simfoni Zuwa Lambar Opus

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga masu karatu: mutum ya ji wani kiɗan kilasik ya shiga ransa, ya je nema, sai ya tarar da suna mai tsawon layi guda, cike da lambobi da kalmomin Italiyanci, ya rasa ta ina zai kama. Ya danna na farko, wani abu daban ya fito. Abin da ya kamata a fara sani shi ne galibin waɗannan kaɗe-kaɗe ba su da suna irin wanda muka saba da shi. Abin da ake rubutawa kwatance ne, kamar na gida: unguwa kaza, layi kaza, ƙofa ta kaza. Kowace kalma da aikinta, kuma jerinsu kusan ɗaya ne kullum. Wanda ya iya bin jerin zai san mutum nawa ne za su yi kiɗan, babi nawa ne, wato sassan da kiɗan ya kasu, kuma minti nawa zai ci, tun bai danna komai ba.

Ga misalin da za mu yi ta komawa kansa, kamar yadda zai bayyana a wayarka:

Beethoven: Symphony No. 5 in C minor, Op. 67: I. Allegro con brio

Sunayen mutane da kalmomin da ke cikin take mun bar su da rubutunsu na asali, domin da su za ka yi nema.

1. Tanadi kayan aiki

Abu uku kake buƙata: abin sauraro na kunne, littafin rubutu, da data. Lasifikar waya ba ta iya fitar da kaurin sautin manyan kayan tsirkiya, don haka rabin kiɗan zai ɓace maka. Ko iyafis mai araha ya fi ta nesa ba kusa ba. A littafin ka ja layi shida: mai tsara kiɗan, nau'i, lamba, ki, lambar kundi, makaɗa. Ma'anar kowanne tana tafe a ƙasa. Duk kiɗan da ka ji ka cike layukan nan.

Lissafin data ba shi da wuya. Sauti zalla mai ingancin kilobit 128 a daƙiƙa yana cin kusan megabait 1 a minti, wato simfonin minti 35 zai ci wajen megabait 35. In ka ɗaga ingancin zuwa 320, lissafin ya koma wajen megabait 84. Bidiyo yana ninka wannan sau da yawa, amma yana da amfani a makon farko, domin ido yana koya wa kunne wane kayan kiɗa ne ke fitar da wane sauti. YouTube kyauta ne ban da data. Shafin IMSLP yana ba da rubutattun kaɗe-kaɗe da jerin ayyukan kowane mai tsarawa kyauta, kuma nan ne wurin tabbatar da lamba in ka yi shakka. Mai biyan kuɗin Apple Music yana samun manhajar Apple Music Classical ba tare da ƙarin kuɗi ba, ita kuma ana iya nema a cikinta da lambar kundi.

Gargaɗi: kada ka ƙure ƙarar sauti don ka ji farkon kiɗan ya yi ƙasa-ƙasa. Da gangan aka yi shi haka. Cikin daƙiƙa ɗaya makaɗa tamanin za su iya saukowa gaba ɗaya a kunnenka. Ka nemi wurin da ya fi ƙara, ka daidaita a kansa, ka bar shi.

2. Raba mai tsarawa da makaɗa

A kiɗanmu na gida sau da yawa mai waƙar shi ne mai rerawa. A nan mutum biyu ne daban. Mai tsarawa shi ne ya rubuta kiɗan a takarda, wataƙila ya rasu shekara ɗari biyu da suka wuce. Makaɗa su ne suka buga wanda kake ji. Sunan da ya zo gaban take, kamar Beethoven a misalinmu, na mai tsarawa ne. Sunayen da suka biyo baya na madugun makaɗa ne, wato mai sandar nan da ke tsaye a gaba, da na okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa, da na makaɗi tilo in akwai shi.

Gargaɗi: ganin kalmar Symphony a sunan ƙungiya ba ya nufin simfoni za a buga. London Symphony Orchestra sunan ƙungiya ne, kuma tana buga kowane nau'i. Tsakanin Symphony Orchestra da Philharmonic ma babu bambancin girma ko na aiki. Suna ne kawai na rarrabe ƙungiyoyi biyu a gari ɗaya, kamar yadda yake a Landan da Biyena.

3. Gane nau'in kiɗan

Wannan shi ne mataki mafi nauyi, a nan za mu daɗe. Kalmar nau'i tana amsa tambaya ɗaya kafin komai: su wa za su yi kiɗan? Ka fara da tambayar ko akwai muryar mutum ko babu. Tsofaffin kalmomi biyu za su taimaka: sonata daga kalmar Italiyanci ta fitar da sauti, wato abin da ake bugawa, kantata kuwa daga kalmar rerawa.

In okestira ce gaba ɗaya ba wanda aka fifita, kuma kiɗan ya kasu babi-babi, wannan simfoni ne. Cikakkiyar okestira tana kaiwa mutum 80 zuwa 100, cikin gida huɗu: kayan tsirkiya irin biyolin, biyola, celo da dabul bes, waɗanda ake gogawa kamar goge, kayan busa na itace irin sarewa, obo, kilarinet da basun, kayan busa na tagulla irin ƙaho, tirampet, tirombon da tuba, sai kayan bugu, wanda babbansu shi ne tambarin timfani. Wanda ya san algaita zai gane obo nan take, domin duka biyun da harshen kara mai ninki biyu ake busa su. Simfoni yawanci babi huɗu ne: mai sauri, mai jan jiki, mai salon rawa, sai na ƙarshe mai sauri. Na Haydn da Mozart ba su cika wuce rabin awa ba. Na tara na Beethoven ya haura awa guda, kuma akwai mawaƙa a babinsa na ƙarshe, na uku na Mahler kuwa babi shida ne, ya haura awa ɗaya da rabi.

In mutum ɗaya ne a gaba yana musayar zance da okestira, koncerto ke nan, wanda ake rubutawa Concerto. Kalmar da ta zo gabansa ita ke faɗa maka abin da makaɗin ke riƙe da shi: Piano Concerto, Violin Concerto. Babi uku ne a al'ada, sauri, sanyi, sauri. Kusa da ƙarshen babi na farko okestira takan yi tsit ta bar makaɗin shi kaɗai ya nuna gwanintarsa. Wurin nan shi ake kira cadenza. Mutane da yawa sukan ɗauka wayarsu ce ta samu matsala ko an yanke kiɗan. Concerto grosso kuwa tsohon salo ne inda ƙaramin rukuni, ba mutum ɗaya ba, ke fuskantar sauran.

Sonata ta mutum ɗaya ce ko biyu. Piano Sonata piyano ne kaɗai. Violin Sonata kuwa, duk da sunanta, biyolin ne da piyano. In ana nufin biyolin shi kaɗai za a ƙara kalmar solo.

Sai kiɗan ƙaramin zaure, inda kowane makaɗi ke da layinsa shi kaɗai, babu madugu. A nan lamba ce ke magana: Trio uku, Quartet huɗu, Quintet biyar, Sextet shida, Octet takwas. String Quartet biyolin biyu ne da biyola da celo, kuma wannan haɗin ba ya canzawa.

Gargaɗi: Piano Trio ba piyano uku ba ne. Piyano ɗaya ne da biyolin da celo. Piano Quintet piyano ne da masu tsirkiya huɗu, Clarinet Quintet kilarinet ɗaya da masu tsirkiya huɗu. Ƙa'idar ita ce a ambaci baƙon cikin rukunin, sauran a bar su ba faɗa. Trio Sonata ma, ta zamanin Barok, wato tsohon zamanin su Bach da Vivaldi, yawanci mutum huɗu ne ke buga ta, domin biyu daga cikinsu layi ɗaya suke rabawa.

Akwai kuma na okestira masu babi ɗaya. Overture asalinsa mabuɗin ofera ne, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa, minti biyar zuwa goma sha biyar, daga baya aka riƙa tsara shi da kansa. Symphonic Poem ko Tone Poem kiɗa ne da ke ba da labari ko zana wani wuri ba tare da kalma ko ɗaya ba. Mai farawa ya fara da waɗannan, gajeru ne kuma ba sa buƙatar haƙuri mai yawa. Suite jerin gajerun kaɗe-kaɗe ne, a da na rawa, daga baya kuma zaɓaɓɓun wurare daga dogon wasa. African Suite da Fela Sowande ɗan Najeriya ya tsara wa kayan tsirkiya babi biyar ne, kuma ya gina shi a kan karin waƙoƙin Afirka ta Yamma. Kunnen da ya tashi a nan zai sami inda zai kama a ciki.

In da murya, ka duba waɗannan. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rerawa, da sutura da dandali. Oratorio labari ne da ake rerawa a tsaye, babu sutura babu wasa. Aria waƙar mutum ɗaya ce da aka ciro daga ɗayan biyun. Lied, jam'insa Lieder, waƙar Jamusanci ce ta murya ɗaya da piyano.

Gargaɗi: Mass, Requiem, Passion, Motet, Stabat Mater da galibin kantatocin Bach kaɗe-kaɗen ibadar Kirista ne, kalmominsu na coci ne cikin Latin ko Jamusanci. Requiem addu'ar mamaci ce. Yawancin oratoriyo ma daga Baibul aka ɗauko labarinsu, kamar Messiah na Handel da aka fara rerawa a Dablin a 1742. Gara mutum ya san abin da yake ji, musamman mai neman kiɗan da zai ɗora a bidiyon biki ko talla.

4. Karanta lamba da ki

No. 5 na nufin na biyar cikin simfonin mutumin nan. Lambar ba ta da amfani sai da sunan mai tsarawa, domin Beethoven, Schubert, Tchaikovsky, Mahler, kowa da nasa na biyar. Beethoven yana da simfoni 9 da sonatar piyano 32. Mozart an jera masa simfoni har 41, Haydn 104.

Kalmomin "in C minor" su ne ki, wato sautin da kiɗan ya ɗauka a matsayin gida, yake fita yana dawowa. Haruffa bakwai ne, A zuwa G. Sharp ko alamar ♯ na ɗaga harafin rabin taki, flat ko ♭ na sauke shi. Major yakan zo da haske, minor da nauyi, amma kada ka riƙe wannan da ƙarfi. Simfoninmu na misali a C minor ya fara, a C major ya ƙare cikin murna. Ki ɗin da ke take na babin farko ne, ba na kowane babi ba.

Gargaɗi: faifan Jamus yana rubuta Dur a madadin major, Moll a madadin minor. Mafi ruɗarwa, harafin B a wurinsu shi ne B-flat, shi kuwa B na Ingilishi H suke kiransa. Saboda haka "h-Moll" da "B minor" abu ɗaya ne, "B-Dur" kuma B-flat major ne. Faransawa da Italiyawa do, re, mi, fa, sol, la, si suke amfani da su, Faransawa kuma sukan ce ut a madadin do. In ka ga "ut mineur", C minor ne.

Ki kaɗai ba ya isa nema. Mozart yana da simfoni biyu a G minor, na 25 da na 40.

5. Riƙe lambar kundi

In za ka haddace abu ɗaya daga take, wannan ne. Op. gajartar opus ce, kalmar Latin mai nufin aiki, kuma lamba ce da aka ba aikin lokacin wallafa shi a takarda. Rubuta "Beethoven Op. 67" a wurin nema, ba abin da zai fito sai simfoni na biyar, ko da wane harshe aka rubuta sauran taken.

Wani lokaci lambar opus ɗaya tana ɗauke da ayyuka da yawa, sai a sake saka No. a bayanta. Dubi wannan: Piano Sonata No. 14 in C-sharp minor, Op. 27 No. 2. Lamba 14 matsayinta ne cikin sonata 32. Lamba 2 kuwa na nufin ta biyu cikin sonata biyun da aka wallafa tare a Op. 27. Wanda ya nemi "Sonata No. 2" zai faɗa wata sonatar daban.

Wasu masu tsarawa ba a bin su da opus, sai da kundin da wani masani ya tattara bayan rasuwarsu. K. ko KV na Mozart ne, daga kundin Köchel na 1862: simfoni na 40 shi ne K. 550, na 25 kuma K. 183. BWV na Bach ne, daga kundin Schmieder na 1950. D. na Schubert, Hob. na Haydn, RV na Vivaldi, HWV na Handel. WoO a wurin Beethoven na nufin aikin da ba shi da lambar opus. Op. posth. kuwa an wallafa shi ne bayan rasuwar mai shi.

Gargaɗi: kada ka ɗauka lamba tana nuna wanda aka fara tsarawa. Koncerton piyano na 2 na Beethoven ya riga na 1 tsaruwa, wallafawa ce aka jinkirta. BWV ma bisa nau'i aka jera shi, kantatoci a farko, don haka BWV 1 ba aikin ƙuruciyar Bach ba ne. Tsofaffin faifai kuma suna da tsohuwar ƙidaya: simfonin Dvořák da yau ake kira na 9 an daɗe ana buga shi da sunan na 5. Op. 95 ita ce ba ta canza ba. Haka simfonin Schubert da bai kammala ba, wasu na ce masa na 8, wasu a Jamus na 7, amma D. 759 ne ko'ina.

6. Kada laƙabi ya ja ka

Kalmar da ke cikin alamar zance a ƙarshen take laƙabi ce. Tana taimakawa wajen tunawa, amma sau da yawa ba mai tsarawa ne ya raɗa ta ba. Sonatar nan ta Op. 27 No. 2 ana ce mata ta hasken wata, kuma sunan ya samo asali ne daga kwatancen da marubuci Ludwig Rellstab ya yi, ba daga Beethoven ba. Mai jiran sanyin farin wata har ƙarshe babi na uku zai firgita shi, domin guguwa ce. Laƙabi kuma yana sauyawa daga harshe zuwa harshe. Ka rubuta shi a gefen shafi, kada ka ba shi layi cikin shidan nan. Wani laƙabin ma ba na aiki ɗaya ba ne: abin da ake kira The Four Seasons na Vivaldi koncerton biyolin huɗu ne daban-daban, kowanne da babi uku, wato waƙa 12 a manhaja.

7. Bi babi-babi, ka fahimci kalmomin sauri

Lambar Rumawa, I, II, III, IV, ita ce babi. Kalmomin da ke biye umarni ne ga makaɗa kan saurin tafiya. A jikin mitironom, na'urar ƙidayar bugu, ana yawan rubuta su haka: Largo bugu 40 zuwa 60 a minti, Adagio 66 zuwa 76, Andante 76 zuwa 108, Moderato 108 zuwa 120, Allegro 120 zuwa 168, Presto 168 zuwa 200. Kimantawa ce, kowane madugu da hannunsa. Abin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne Andante tafiyar ƙafa ce ta mutumin da ba ya gaggawa, abin da ke ƙasa da ita jan jiki ne, abin da ke sama sassarfa da gudu.

Ƙananan kalmomin da ke raka su suna gyara ma'ana. Molto da assai, sosai. Poco, kaɗan. Ma non troppo, amma ban da wuce gona da iri. Con brio, da kuzari. Con moto, da motsi. Cantabile, kamar ana rerawa. Menuetto da Scherzo sunayen babin rawa ne mai bugu uku-uku, na biyun ya fi sauri da zafi. Rondo kari ɗaya ne da ke ta dawowa kamar amshi. Yanzu taken misalinmu ya buɗe: babin farko na simfoni na biyar na Beethoven, okestira gaba ɗaya, da sauri da kuzari, kuma akwai babi uku a gaba.

Gargaɗi: kashe maɓallin da ke cakuɗa waƙoƙi. Manhajoji suna ɗaukar kowane babi a matsayin waƙa mai zaman kanta, sai ka ji na huɗu kafin na biyu. A wannan simfonin ma babi na uku yana zarcewa cikin na huɗu babu tsayawa, abin da ake kira attacca, kuma wurin haɗuwar nan yana cikin mafi daɗin kiɗan. Talla ko tsaiko a tsakani yana lalata shi, saboda haka ka sauke aikin gaba ɗaya kafin ka zauna.

Gargaɗi na biyu: Allegro ba suna ba ne. Akwai dubban babuka masu wannan kalma. Neman "Mozart Allegro" ɓata data ne.

8. Tabbatar cikakke ne kafin ka sauke

Duba tsawon lokaci ka gwada da abin da nau'in ya alkawarta. Simfoni na biyar da aka rubuta minti 7 babin farko ne kawai. Kalmomin excerpt da highlights na nufin gutsure. Arr. ko transcr. na nufin an mayar da kiɗan kan wani kayan da ba nasa ba, misali aikin okestira a piyano. Ƙaramin harafi bayan lambar opus ma yana da magana: wasan rawar Tchaikovsky mai lamba Op. 71 yana cin wajen awa ɗaya da rabi, Op. 71a kuwa zaɓaɓɓun wurare ne na minti ashirin da 'yan kai.

In ka ji aiki ɗaya a hannun ƙungiyoyi biyu, ɗaya sautinta ya fi ƙasa, ba lalacewa ba ce. Okestirar zamani tana daidaita harafin A a kan girgiza 440 a daƙiƙa ko sama da haka kaɗan, masu buga kiɗan Barok da kayan kiɗa irin na zamanin da kuwa sukan sauke shi zuwa 415, kusan rabin taki ke nan. Shawararmu ita ce ka zaɓi rikodin ɗaya ka ji shi sau uku kafin ka koma wani. Sai kunne ya san hanyar sannan yake gane bambancin masu tafiya.

9. A zauren kiɗa

Wanda ya samu zuwa wasa kai tsaye, misali a cibiyar MUSON da ke Onikan a Legas, ya karɓi takardar shirin a ƙofa ya ƙirga babukan kowane aiki tun kafin a rage fitila. Sautin da za ka ji mai obo ya ja shi kaɗai, sauran suka bi, daidaita kaya ne, ba a fara ba tukuna. Tsarin da aka saba shi ne gajeren mabuɗi, sai koncerto, sai hutu, sai simfoni. Ba a yin tafi tsakanin babi da babi, ko da makaɗa sun tsaya suna juya takarda. A ofera ne ake tafa wa mawaƙi bayan ariya. In ƙidayar ta ɓace maka, ka zuba wa madugu ido: sai ya sauke hannuwansa gaba ɗaya ya juyo ya fuskanci jama'a, sannan aikin ya ƙare. Wanda ya makara kuma a ƙofa zai jira, sai an kai tsaiko masu kula da zaure za su shigar da shi.